Kun Tambaya: Da gaske mutum 300 ne suka tare rundunar Farisa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk kan magana ɗaya suka faɗo, tun bayan da na ɗan taɓo labarin yaƙin Tarmofilai a fitowar da ta wuce cikin layi biyu, ashe mutane da yawa a nan Legas sun kalli fim ɗin da aka yi a kan yaƙin, mai suna 300, kuma abin na cin su a rai. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri.

Salam Malam, don Allah ka raba mana gardama. Ni mai shayi ne a Agege kusa da layin dogo, daren Asabar wasu samari suka kunna wani fim a waya wai shi 300, sai wani ɗan keke ya ce tarihi ne da gaske mutum ɗari uku suka tare soja miliyan, wani mai gadi kuma ya rantse ƙaryar Turawa ce ba a taɓa yi ba, wallahi har aka kusa kifar min da kiret ɗin ƙwai. Wane ne da gaskiya? — Mai shayi, Agege

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da kasuwa. Ka gaya wa ɗan keke an yi yaƙin, ka gaya wa mai gadi lissafin ne aka yi wa ƙari, kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

An yi shi a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, a ƙarshen bazararsu, wajen watan Agusta ko Satumba, a wani matsattsen wuri a tsakiyar ƙasar Girka mai suna Tarmofilai, ma'anar sunan ƙofofi masu zafi, saboda akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi a wurin har gobe. Amma tushen rigimar ya girmi wannan shekarar. Garuruwan Girkawa da ke gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya suna ƙarƙashin Farisa, a 499 suka yi tawaye, mutanen birnin Atina na Girka suka aika musu jiragen ruwa aka je aka ƙona birnin Sardis, Sarkin Farisa Dariyus ya ƙullaci abin, ya aiko runduna a 490 aka kore ta a Maraton, ya mutu bai rama ba, sai ɗansa Zaksis ya gaji sarautar da kuma bashin. Shi kam bai yi wasa ba, shekaru ya ɗauka yana shiri, ya sa aka haƙa hanyar ruwa ta ratsa wuyan tsibirin dutsen Atos don kada guguwa ta farfasa masa jirage kamar yadda ta yi wa na ubansa, sannan ya sa aka jera jirage 674 aka ɗaure su da igiyoyi aka yi gada biyu a kan mashigin ruwan da ya raba Asiya da Turai. Ku da kuke hawa gadar Tad Menlan kullum ku ƙiyasta aikin, ba siminti ba rodi, jirage ne da igiya da katako da ƙasa a kai, dawakai suna wucewa.

Mutumin da ya fi kowa ba mu labarin shi ne Hirodotus, Bagirke ne, yana ɗan ƙaramin yaro lokacin yaƙin, da ya girma ya bi gari-gari yana tambayar tsofaffi yana rubutawa. Shi ya ce mayaƙan Zaksis sun haura miliyan biyu da rabi, in aka haɗa da masu dafa abinci da 'yan dako sun wuce miliyan biyar. To nan ne mai gadi ya ci gardama, domin ba rijiya ko kogin da zai shayar da wannan jama'a a hanya, masana na yanzu suna ƙiyasta abin tsakanin dubu 70 zuwa dubu 300. Ko a hakan ma ai taro ne mai tayar da hankali.

Su kuma Girkawan da suka je tare hanya ba 300 ba ne, sun kai wajen 7,000. Akwai 300 na garin Sifarta ƙarƙashin sarkinsu Liyonidas, akwai 400 daga Korinti, 500 daga Tegiya, 500 daga Mantiniya, 1,000 daga Fokis, 400 daga Tibas, 700 daga wani ƙaramin gari Tasfiya, da wasu. Ka riƙe sunan Tasfiya ɗin nan, zan dawo kansa. Abin da ya sa Sifarta ta aiko 300 kacal, lokacin ya faɗo cikin wani bikin addininsu mai suna Karniya wanda ba sa fita yaƙi a cikinsa, kamar dai yadda Larabawan dā ke ajiye makami a watanni masu alfarma, ga kuma wasannin Olimfiya ana yi, sai aka ce Liyonidas ya yi gaba in an gama biki sauran su biyo. Shi kuma da ya tashi zaɓen mutanen sai ya ɗauki waɗanda suke da 'ya'ya maza a raye kawai, don kada gidan kowa ya mutu. Duk wanda ya yi irin wannan zaɓen ya san inda ya dosa. Kuma Liyonidas ba saurayi ba ne mai ƙirar ɗan dambe, dattijo ne wajen shekara 60.

Wurin kuwa, dutse ne a gefe guda wanda ba ya hawuwa, teku a ɗaya gefen, hanya ta matse har akwai inda amalanke ɗaya kaɗai ke iya wucewa, a tsakiya kuma akwai tsohuwar katanga da mutanen Fokis suka taɓa ginawa, suka gyara ta. Ai kun san yadda tirela ɗaya in ta gitta a bakin kasuwar Mil 12 ko mota dubu ce a baya sai dai su tsaya suna hon, to dabarar kenan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ne in akwai fili, in babu fili yawan ma kaya ne.

Zaksis ya iso ya zauna kwana huɗu yana jiran su gudu. Ya aika ɗan leƙen asiri a kan doki, ya dawo ya ce ya gan su wasu na motsa jiki wasu na taje gashin kai. Akwai wani tsohon sarkin Sifarta da aka tsige, Dimaratus, yana tare da Zaksis, shi ya ce masa ranka ya daɗe al'adarsu ce, in za su sa rai a bakin mutuwa sai sun gyara gashi. A cikin kwanakin nan ne aka ce wani ya gaya wa wani Basifarte mai suna Diyanikis cewa kibau na Farisawa in suka tashi sai sun rufe rana, ya ce to madalla, mu yi faɗan a inuwa.

Rana ta biyar aka fara. Kwana biyu cur Farisawa na zuwa ana mayar da su, har da dakarun fadar sarki su 10,000 da ake ce wa Marasa Mutuwa saboda in ɗaya ya faɗi nan take ake cike gurbinsa. Ba wai matsorata ba ne, kayan aiki ne ba ɗaya ba. Bagirke yana da kwalkwalin tagulla, da babbar garkuwar katako mai fuskar tagulla, da dogon mashi, kuma kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa garkuwar kowa na kare na kusa da shi, shi kuwa Bafarishe garkuwarsa ta saƙa ce mara nauyi, mashinsa gajere, ƙarfinsa a baka da doki yake, kuma duka biyun ba su da amfani a lungu. Wannan tsiraicin da kuka gani a fim, mutum daga shi sai ɗan kamfai da mayafi, ba haka aka yi ba sam, da haka suka fito da ba su kai azahar ba. Kuma gari-gari suke karɓa-karɓa, waɗannan su yi su huta waɗancan su shiga. 'Yan Sifarta har wata dabara suke yi, su juya kamar sun karaya suna gudu, in an biyo su a warwatse sai su juyo gaba ɗaya. Hirodotus ya ce sau uku Zaksis na zabura daga kan kujerarsa don tsoron abin da zai sami rundunarsa.

A daren kwana na biyu wani ɗan yankin ya nuna wa Farisawa hanyar bayan dutse, kafin gari ya waye labari ya iso wa Liyonidas cewa an kusa zagaye su. Mafi yawan rundunar suka tafi. Waɗanda suka tsaya: abin da ya rage na 300 ɗin Sifarta, da bayinsu, da 400 na Tibas, da 700 na Tasfiya ƙarƙashin shugabansu Dimofilus.

To a nan nake so ku tsaya da ni, don wannan shi ne abin da ya fi damuna a labarin gaba ɗaya. Basifarte tun yana shekara bakwai ake raba shi da uwarsa a kai shi horon soja, ba ya noma ba ya kasuwanci, yaƙi ne sana'arsa, kuma dokar garinsu ta hana shi juya baya, in ya koma gida da rai ma abin kunya ne ba mai kula shi. Mutanen Tasfiya fa? Manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, ba dokar da ta ɗaure su, an ce musu su tafi suka ce ba za su bar Liyonidas ba. Sifarta tana da dubban mayaƙa a gida, 300 ta bayar, ita kuwa Tasfiya kusan duk mazajen da ke iya ɗaukar garkuwa ta turo, kuma bayan yaƙin Farisawa suka bi ta kan garin suka ƙona shi. Sun ninka 'yan Sifarta fiye da sau biyu a wannan rana, amma duniya 300 ta sani. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ko a wurin ma, gunkin Liyonidas tun 1955 aka kafa shi, na mutanen Tasfiya sai 1997.

Safiyar ƙarshe ba su jira a bayan katanga ba, suka fito fili inda ya fi faɗi. Masu suka kakkarye suka koma takobi, Liyonidas ya faɗi, aka yi ta turereniya a kan gawarsa har sau huɗu suna korar Farisawa kafin su janye ta, 'yan uwan Zaksis biyu 'ya'yan Dariyus suka mutu a wurin. Da waɗanda suka zagayo ta dutse suka bayyana sai suka ja baya zuwa wani ɗan tudu, ban da mutanen Tibas da Hirodotus ya ce sun miƙa wuya, a kan tudun mai wuƙa ya yi da wuƙa, wanda ba shi da komai ya yi da hannu da haƙori, har aka gama da su da ruwan kibau. A 1939 wani masanin tono kayan tarihi ɗan Girka, Marinatos, ya haƙa tudun ya tarar da kawunan kibau birjik. Wannan ka faɗa wa mai gadi.

Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata islamiyya a Idi-Araba, wata ɗaliba ta tambaye ni ko wannan yaƙin na Girkawa da Farisa shi ne wanda Allah ya ambata a farkon Suratur Rum, na ce mata zan bincika. Kuma Farisawan nan su ne mutanen Iran? — Malama, Idi-Araba

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da ba ki amsa mata da ka ba. Ba shi ba ne, tsakaninsu ya haura shekara dubu. Na Suratur Rum yaƙin Rumawa ne da Farisa a zamanin Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam, an fara shi a 602 aka gama a 628, Farisawan Kisra suka ci Ƙudus a 614, sannan Hirƙala sarkin Rum ya juya abin ya ci su a kusa da Ninawa a 627. Ɗalibarki tana da basira fa, don Rumawan wancan lokacin harshen Girka suke yi, shi ya sa abin ke kama da juna. Amma na Tarmofilai an yi shi shekara 1,050 kafin haihuwar Manzon Allah, gidan sarautar ma daban ne.

Ƙasar kuwa eh, Iran ce ta yau, kangon fadar Dariyus da Zaksis yana nan kusa da birnin Shiraz. Sarki Sairus ya kafa daular wajen 550 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin Zaksis ta kama daga kogin Indus har Masar da Libiya, a cikin rundunarsa akwai Indiyawa da Larabawa a kan raƙuma da baƙaƙen fata daga kudancin Masar, har da Girkawa da yawa da suka bi shi. Ina roƙon ki gaya wa yaran cewa dodannin da fim ya nuna ba su ne Farisawa ba. Mutane ne masu tsarin mulki, da gwamnoni a larduna, da hanyoyi da 'yan aike masu sauya doki zango-zango. Hirodotus ɗin nan da yake Bagirke, da bakinsa ya ce abu uku suke koya wa 'ya'yansu maza, hawan doki, harbin baka da faɗin gaskiya, kuma ba abin da suke jin kunya kamar ƙarya, sai bashi yana bi mata. Shi ya sa ma da Zaksis ya sa aka sare kan gawar Liyonidas aka tsire ta, Hirodotus ya yi mamaki ya ce ba halin Farisawa ba ne, su masu girmama jarumi ne ko da maƙiyi ne. Ita kuma Sifarta da ake nuna ta a matsayin mai kare 'yanci, a kan bayi take zaune, al'umma guda da ake kira Hilot suna noma suna ciyar da su, ana wulaƙanta su, kuma waɗannan bayin sun mutu a Tarmofilai tare da iyayen gijinsu ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya.

Malam ni fa ban ga jarumta a nan ba. An ce maka an zagaye ka, kana da damar tafiya, ka tsaya ka kashe kanka da mutanenka, kuma duk da haka aka wuce aka ƙona Atina. Meye ribar? Ni a ganina taurin kai ne kawai. — Ɗalibi, Akoka

Ƙanena tambayarka tana da nauyi kuma ba zan ce maka ba a ci su da yaƙi ba, an ci su, hanya ta buɗe, Atina ta ƙone. Amma ka duba wannan. Mutum dubu uku ko fiye sun kama hanyar kudu da ƙafa, ɗauke da garkuwa mai nauyi, a bayansu akwai dawakan Farisa, in kowa ya tashi lokaci guda aka bar ƙofar a buɗe to kafin la'asar mahaya sun cim musu a fili sun yanka su kamar kaji. Dole wani ya tsaya ya toshe bakin na wasu awoyi. Ni a nan na ga ma'anar tsayuwar, kuma waɗanda suka tafi ɗin da yawansu sun sake ɗaukar garkuwa a shekara mai zuwa. Hirodotus ya kawo wani dalilin, wai bokayen wurin bautarsu na Dalfi sun faɗa wa Sifarta ko dai garinsu ya rushe ko sarkinsu ya mutu, Liyonidas kuma ya riƙe maganar. Mutum na iya ɗauke da dalili biyu a zuciya ɗaya.

Sannan yaƙin ba a tudu kaɗai ake yi ba, a ranakun nan uku jiragen Girkawa suna fafatawa da na Farisa a Artimisiyon, can gefe kaɗan, kowanne na kare bayan ɗan uwansa, ga guguwa ta riga ta cinye wa Zaksis jirage masu yawa. Da labarin Liyonidas ya iso jiragen suka janye, aka kwashe mutanen Atina zuwa tsibirai, bayan 'yan makonni Temistokilis, jagoran jiragen Atina, ya jawo jiragen Farisa cikin matsatsin ruwan Salamis aka farfasa su, dabarar lungu ɗin dai aka maimaita a kan ruwa. Zaksis ya koma gida ya bar kwamandansa Mardoniyus, a 479 aka kashe Mardoniyus ɗin a Falatiya aka watsa rundunarsa. Salamis da Falatiya su suka ceci Girka, wannan ba gardama.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne abin da Sifarta ta yi wa Aristodimus. Su biyu ne cikin 300 ɗin ciwon ido ya kama su har ba sa gani sosai, aka ce su koma baya. Ɗayan, Yuritus, da ya ji an zagaye sai ya sa bawansa ya ja shi zuwa fagen ya mutu a can. Aristodimus ya koma gida, daga ranar ba mai yi masa magana, ba mai ba shi ko garwashin wuta, suka laƙaba masa matsoraci. Shekara guda yana cikin wannan ƙunci, a Falatiya ya fita daga sahu shi kaɗai ya afka cikin maƙiya ya yi faɗan da ba wanda ya yi irinsa har aka kashe shi, kuma duk da haka suka ƙi karrama shi wai ai mutuwar yake nema. Wannan zalunci ne, duk lokacin da na karanta wurin sai raina ya ɓaci. Mu a namu tarihin, a Mu'uta bayan shahadar Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha, Khalid ɗan Walid janye rundunar ya yi ya dawo da ita Madina, kuma Manzon Allah bai kira shi matsoraci ba, Takobin Allah ya kira shi.

Malam wanda ya ci amanarsu fa, ya ya ƙare? — Mai sayar da albasa, Mil 12

Alhaji sunansa Efiyaltis, ɗan yankin ne ba Basifarte ba, kuma ba mai ƙusumbi ba ne kamar a fim, lada kawai yake nema wajen sarki. Da ɗan gari kan ci gari. Shi ya ja dakarun fada da shugabansu Hidarnis cikin dare ta wata hanyar dutse mai suna Anofiya. Liyonidas ya san da hanyar, ya ajiye mutum 1,000 na Fokis suna gadi, amma ba su farga ba sai da asuba da suka ji ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin ƙafafu, suka yi sauri suka hau ƙololuwa suna zaton su aka zo wa, Farisawa suka watsa musu kibau suka wuce abinsu. Bayan yaƙi Efiyaltis ya gudu Tasaliya, aka sa kuɗi a kansa, da ya dawo bayan wasu shekaru wani mutum Atinadis ya kashe shi a kan wata rigima daban, Sifarta ta ba Atinadis tukuici duk da haka. A harshen Girka na yau kalmar efiyaltis tana nufin mummunan mafarki.

Yaro, jikana ne ya karanta min rubutunka ya kuma rubuta wannan. Shekarata 51 a Legas ina harkar shanu, asalina mutumin ƙasar Gombe ne. Kuna ta ba mu labarin Girkawa, mu ba mu da mazajen da suka tsaya ne? Kakana yana yaro aka yi Burmi, ya sha ba mu labari. — Dattijo, Oko-Oba

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Muna da su Baba, kuma tun da na fara rubuta amsar mai shayi Burmi ke raina. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a filin Giginya ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. A watan Mayu Turawa suka taɓa garin Burmi da ke ƙasar Gombe aka mayar da su, suka sake shiri suka dawo, Sarkin Musulmi na garin, ran 27 ga Yuli da bindigogi masu aman wuta, aka yini ana yi, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban sojan Turawan Manjo Mash shi ma a nan ya mutu. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa. Haɗeja ma a 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi a cikin garinsa.

Su Girkawa abin da suka samu shi ne mutum guda da ya bi tsofaffi da alƙalami tun suna raye, har ya ce ya binciko sunayen mutum 300 ɗin nan duka. Sun kuma kafa dutse a wurin suka rubuta baiti biyu, ma'anarsu ya kai baƙo mai wucewa ka gaya wa mutanen Sifarta muna nan kwance muna bin umarninsu. Na Burmi kuwa na san sunan Sarkin Musulmi da na wasu manya, amma talakan da ya bar gonarsa a farkon damina ya bi shi, irin mutanen Tasfiya ɗin namu, sunansa yana bakin irinku ne Baba. Don Allah ka sa jikan nan naka ya kunna rikoda a wayarsa ka faɗi duk abin da kakanka ya gaya maka, sunan garin da suka taso, wa ya tafi wa ya dawo, me suka ci a hanya, ko waƙa ce ka tuna ka rera ta. In ka amince ranar Lahadi bayan la'asar zan hau mota in zo Oko-Oba da kaina in zauna a gabanka.